Gogewar Shekara Arba'in da Uku

Duk layin babu mai kiran sa da sunansa na gaskiya. Danna-Nan ake ce masa, domin ko wayarka ce ta faɗa ruwa, ko rediyonka ne ke hayaƙi, muddin ka kai masa kuka zai miƙo yatsa ya ce, "Danna nan." In ka danna abin ya ƙarasa mutuwa, sai ya girgiza kai cikin tausayi ya ce ba ka danna da ilimi ba. Shekararsa ashirin da tara, yana zaune a ɗakin baya na gidan yayarsa, yana tsaron shagon wani mutum mai sayar da rigunan waya da caja.

Mijin yayar tasa direba ne a wani kamfani mai hawa uku. Wata rana da yamma ya dawo yana cire takalmi, ya ce wa matarsa ana neman wanda zai riƙa taimaka wa ma'aikata in kwamfutocinsu sun yi gardama.

Danna-Nan na bakin famfo yana goge haƙori. Ya taho da kumfa a baki.

"Yaya Direba, nawa suke biya?"

"Abin hawa-hawa ne. Sabon shiga mataki na ɗaya. In kana da satifiket a ƙara maka mataki. In ka taɓa yin aikin, kowace shekara mataki guda."

"Kowane satifiket mataki?"

"Haka na ji."

"To ka kai sunana. Ka kuma fara koyon buɗe mini ƙofar mota."

Yaya ta ce, "Kai da ka gyara mini agogon waya har yau yana gaba da awa bakwai?"

"Wannan lokacin ƙasashen da suka ci gaba ne, Yaya."

Direba mutum ne mai kunyar surukai da ƙannen mata. Ya kai sunan, har ya ƙara da cewa ƙanensa ne, yaro mai ƙwazo. Aka sa intabiyu ranar Alhamis ta sama. Washegari Danna-Nan ya miƙa wa mai shago makullinsa, ya dafa kafaɗarsa ya ce in kasuwa ta juya masa baya nan gaba kada ya ji nauyi, ya zo ofis ya ce a kai shi wurinsa.

Daga nan ya shiga farautar satifiket. Ya gano akwai darussan kyauta a intanet waɗanda in bidiyon ya kai ƙarshe sai takarda ta fito da sunanka da tambari mai ruwan zinariya. Sai ya riƙa kunna bidiyo, ya jingina wayar da bango, ya tafi wanka. Kafin ya dawo ya zama masani. Wani fannin yana cin abinci ya ƙware a kansa, wani yana yanke farce. Cikin kwana uku ya tara goma sha bakwai, ya buga su, ya sa kowanne a firam mai gilashi, ya jera su a tsakar gida har Yaya ta rasa inda za ta yi shanya.

Ranar Litinin Direba ya tsaya ya dube su, ya sosa ƙeya.

"Na manta ban gaya maka ba. Madam ɗin sashen ta ce ita takarda ba ta dame ta sosai ba. Wanda hannunsa ya saba take so. Gogewa."

"Gogewar shekara nawa?"

"Ko biyu ce."

Danna-Nan ya zauna a kan bokiti ya yi tunani na kusan minti ɗaya, wanda a wurinsa doguwar tafiya ce. Saura kwana uku, shekara biyu kuwa ba ta shiga cikin kwana uku. Amma me ake nufi da gogewa? Mu'amala da na'ura. To in na'urar ta shekara goma a duniya, ka buɗe cikinta, ai ka yi mu'amala da shekara goma ke nan. Ya miƙe zumbur, bokitin ya kife.

"Yaya, wa ya fi kowa tsohuwar kwamfuta a layin nan?"

Da mai aski ya fara, domin abokinsa ne. Yana da wata tsohuwar kwamfutar cinya da yake haɗawa da talabijin yana sa wa kwastomomi wasan ƙwallo. Shekararta goma sha biyu, wasu madannanta suna maƙalewa saboda gashin da ya cika ƙarƙashinsu.

"Kyauta zan yi maka, mutumina. Kai dai ka ci gaba da askinka."

Ya ɓalle madannan gaba ɗaya, ya zuba su a kwanon ruwan sabulu, ya wanke tas, ya shanya a kan benci. Da ya zo mayarwa sai ya tsaya yana kallon su. Bai tuna inda kowanne yake ba, amma abin da ya tuna ya ba shi haushi: haruffan a hargitse suke tun asali. Ya yi tsaki, ya jera su yadda aka koya masa a aji ɗaya, A a farko, B na biye da ita.

Mai aski ya zo shigar da lambar sirrinsa. Ya danna, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya sunkuya ya ƙura wa madannan ido.

"Me ka yi mata?"

"Na gyara kuskuren kamfani. Waɗanda suka ƙera ta ko ABCD ba su iya ba."

"Na danna A ta ba ni Q!"

"Shekara goma sha biyu tana kan ɓata, kana so ta shiryu rana ɗaya? Ba ta lokaci."

Mutumin da ke kan kujera, rabin kansa a aske, ya ce shi fa ƙwallo ya zo kallo, askin ƙari ne. Mutum huɗu da ke kan benci suka miƙe suka tsallaka shagon gaba. Danna-Nan ya fita da sauri-sauri, yana rubuta sha biyu a tafin hannunsa.

Ranar Talata ya shiga kemis. Mai kemis dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Kwamfutarsa ta shekara goma sha uku, kuma in ya tambaye ta farashin magani sai mai ciwon kai ya warke da kansa kafin ta amsa.

"Baba, nauyi ya yi mata yawa. Ko jaki ne ka labta masa kayan shekara sha uku ai sai ya durƙusa. Sauke mata za mu yi."

"Ka dai bi a hankali, ɗana."

"Satifiket goma sha bakwai ne ke magana, Baba."

Ya duba ya ga wani wuri da ya fi ko'ina cika. Ya goge shi. Kwamfutar ta tambaye shi ko ya tabbata, ya ji haushin raini, ya danna e da ƙarfi. Ta ce abin ya yi girma, in ya tafi ba zai dawo ba. Ya ce Allah ya raka taki gona, ya sake dannawa.

"Gwada yanzu ka gani."

Dattijo ya danna, allo ya buɗe nan take, fari fat.

"Ka ga gudu?"

"Ina jerin magungunana?"

"Wane jeri?"

"Sunayensu, farashinsu, ranar da za su lalace! Shekara sha uku ina shigarwa da yatsa ɗaya!"

"To ai su ne nauyin, Baba. Ba ga shi tana gudu ba?"

"Gudu zuwa ina, ba ta ɗauke da komai?"

Dattijo ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora kan na hanci, ko jerin zai fito. Bai fito ba. Ya fara laluben sandarsa a bayan kanta. Danna-Nan ya ce bari ya je ya ɗauko wani kayan aiki, bai kuma tsaya ba sai ɗakinsa.

Ranar Laraba ya lallaɓa ta bayan layi zuwa shagon mai kwafi. Mace ce mai faɗa, amma labari bai iso ta ba tukuna, ga shi injinta ya shekara goma sha takwas, kuma tun safe ya ƙi fitar da takarda. Danna-Nan ya ga riba biyu. Ya zauna a kwamfutarta ya rubuta takardar neman aikinsa: gogewa shekara arba'in da uku, masu shaida mai aski, mai kemis da mai kwafi, har da ranar intabiyu da sunan kamfani a sama, don ta yi kyau. Ya danna a buga. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya sa lamba ya ce a buga hamsin, ko injin zai ji kunya. Ya danna wannan ma sau ba adadi.

"Anti, injin nan hutu yake so. Bar shi ya huce zuwa gobe."

Ta ce to, tunda kyauta ne.

Ranar Alhamis ya sa kwat ɗin Direba, wanda hannunsa ya rufe masa yatsu, ya loda firam goma sha bakwai a akwatin tafiya mai taya, ya ja shi har hawa na biyu, gilasai na kuka a kowace matakala. A benci ya tarar da wata mata sanye da gilashi, riƙe da 'yar jaka da takarda ɗaya tak a cikin leda.

"'Yar'uwa, satifiket nawa?"

"Ɗaya."

"Gogewa fa?"

"Shekara biyu a shagon gyara."

"Allah sarki. Kada ki karaya. In na shiga zan sa baki a ba ki ko shara ce."

Ta ce ta gode.

Aka fara kiran sa ciki. Madam shugabar sashe ba ta da yawan magana. Ta bar shi ya jera firam ɗinsa a tebur, da kujera, da bakin taga, sannan ta fara ɗagawa ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na kiwon zuma ne."

"Tsarin sadarwa ne, Madam. Babu wanda ya kai ƙudan zuma iya haɗa layi."

"Wannan na ceton wanda ya faɗa ruwa."

"In waya ta faɗa fa?"

"Wannan na kula da mai jego."

"Ofis ne, komai na iya faruwa."

Ta ɗauki na ƙarshe, shi kaɗai ne ya ambaci kwamfuta, ta karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa. An rubuta cewa mai wannan takarda ya buɗe darasin.

"Malam, satifiket ɗin da ke ƙara albashi shi ne wanda aka zauna jarrabawa aka ci. Ka taɓa zama jarrabawa a kan aikin nan?"

"Ni da jarrabawa muna mutunta juna, Madam. Ba ma shiga harkar juna."

"Gogewa fa?"

"Arba'in da uku."

"Wata?"

"Shekara."

Ta dube shi ta saman takarda. "Shekarunka nawa?"

"Ashirin da tara."

"Sauran sha huɗun fa?"

"Ina haɗawa da ranakun hutu." Ya gyara zama. "Na yi miki lissafin don kada ki wahala. Ɗaya na shiga, sha bakwai na takardu, arba'in da uku na gogewa. Mataki na sittin da ɗaya."

"Matakanmu sha biyu ne. Manaja ne a na sha biyun."

"To sai ku ƙara. Ba zan matsa muku a watan farko ba."

Madam ta rufe fayil a hankali. Ta ce tunda abin ya kai haka, kwamfutar sakatare ta ƙi kawo haske tun safe, ya je ya duba, za ta ga ɗaya mai neman aikin kafin ya gama.

Sakataren na zaune a tsakiyar babban ofis, ma'aikata kusan ashirin kewaye da shi. Danna-Nan ya naɗe hannun kwat, ya ce kowa ya matsa, aikin na da haɗari. Ya danna nan, ya danna can, allo baƙi ƙirin. Ya ciro sukudireba daga aljihu ya kwance akwatin kwamfutar. Ya zaro fanka. Ya zaro wasu 'yan faranti kore guda biyu, ya hura su, ya shinshina. Ya cire duk wayar lantarkin da ta yarda ta fita, wadda ta ƙi ya lallashe ta da ƙarfi. Cikin minti goma tebur ya zama kamar na mahauci.

"Ka gano matsalar?" in ji sakatare.

"Matsaloli dai. Wa ya haɗa muku wannan? Kaya sun yi yawa a ciki."

"Za ka iya mayarwa?"

"Tambaya kake?"

Ya juya baya ya zaro wayarsa don ya nemi bidiyon yadda ake mayarwa. Caji saura kashi biyu. Gumi ya keto masa. Ya duba ƙarƙashin tebura, kowane soket a cike. Can ƙarshen ofis ya hango wata ƙofa a ɗan buɗe, an rubuta an hana shiga, ya san ba da injiniyoyi ake ba. Ɗaki ne ƙarami mai sanyi kamar firji, da dogon akwatin ƙarfe mai 'yan fitilu kore suna ƙiftawa. A bango ga wani ƙaton filogi ya mamaye soket shi kaɗai. Ya cire shi ya sa cajarsa.

Wani akwati a ƙasa ya fara ƙara, ƙit, ƙit, ƙit. Danna-Nan ya ce masa shiit. Bai daina ba. Ya ga jan maɓalli a gabansa, ya danna ya riƙe har ƙarar ta mutu. Fitilun nan kore suka mutu tare da ita. Ya ji daɗin shirun, ya tsuguna ya fara kallon bidiyonsa.

A waje kuwa, wata ta ce aikinta ya ɓace. Wani ya ce nasa ma. Wayoyin tebur suka ɗauke gaba ɗaya. Ma'aikacin da ya je banɗakin bene ya dawo katinsa ya ƙi buɗe ƙofar gilashi, ya tsaya yana buga ta da tafin hannu. Sai ga manaja ya fito daga ofishinsa da abin sauraro rataye a kunne, yana cewa wata uku yana neman manyan baƙin nan su zauna da shi ta bidiyo, yana tsakiyar faɗin farashi fuskokinsu suka daskare.

Ana cikin haka hayaniya ta taso daga matakalar baya. Mai kwafi ce a gaba, rungume da tulin takardu har haɓa. Da safe ta gano takarda ce kawai ta maƙale a injin, ta zare ta, injin kuwa ya tuna duk umarnin da aka ba shi jiya. Ya cinye mata rim uku na takarda kafin ta kai ga soket, iska ta kwashi saura ta raba wa layi. Kowa ya karanta, mai aski da mai kemis suka ga sunayensu a masu shaida, suka ga kuma inda za a sami Danna-Nan. Bayanta mai aski ne da kwamfuta a hammata, sai mai kemis da sanda, sai Direba a ƙarshe yana roƙon su da Allah su bari a fita waje a yi magana.

"Ina yake?" in ji mai kwafi. "An ce mu ne shaidu, to ga mu mun zo shaida!"

Madam ta fito, matar nan mai gilashi na biye da ita. Matar ta wuce gaba. Ta dubi allon sakatare, ta zagaya bayansa, ta ɗago wata wayar lantarki da ke lilo.

"Wannan ce ta zare, Madam. Ta allon ce. Mai shara ce ta taɓa ta, ina jin." Sannan ta dubi abin da ke kan tebur. Ta ɗaga kai ta saurara. "Ɗakin can ya yi tsit da yawa."

Mutum wajen talatin suka bi ta. Ta tura ƙofa. Ga Danna-Nan a tsugune cikin kwat, waya a hannu, murya na fitowa daga cikinta tana cewa da farko ka tabbata ka lura da inda ka cire kowane abu.

Ya ɗago. Ya ga manaja, ya ga Madam, ya ga sandar mai kemis.

"Yawwa, gara da kuka zo. Na gano muku babbar matsala. Kamfani guda a kan filogi ɗaya? Gwaji na yi muku."

"Cire cajarka," in ji Madam.

"Saura kaɗan ta kai kashi goma."

Direba ne ya cire ta da kansa, ya kuma riƙe ƙanen nasa ta wuyan kwat, wai don kada ya faɗi. Matar ta mayar da filogi, ta kunna akwatin ƙasa, ta bi na'urorin ɗaya bayan ɗaya tana jiran kowace ta farka kafin ta taɓa ta gaba. Fitilu suka dawo. Wayoyi suka fara ƙara. Mutumin bayan gilashi ya faɗo ciki.

Manaja ya nuna Danna-Nan. "Wa ya kawo wannan?"

Direba ya dubi silin.

"Yayana ne," in ji Danna-Nan. "Shi ya ce ina da ƙwazo."

Mai aski ya ɗora kwamfutarsa a tebur ya ce a danna A a gani. Mai kemis ya ce shi yanzu farashin magani da ka yake faɗa, jiya ya sayar da maganin tari a kuɗin auduga. Mai kwafi ta riƙa bin tebura tana ajiye wa kowane ma'aikaci takardar neman aikin guda goma-goma, ta ce su kai wa iyalansu, akwai saura a shago.

Madam ta juya ga matar. "Satifiket ɗaya na jarrabawa, shekara biyu ta aiki. Mataki na huɗu. Za ki iya farawa yanzu? Ga teburin sakatare can."

"Ni fa, Madam?" in ji Danna-Nan. "Ko na talatin ne zan duba."

"Kai ka kwashe firam ɗinka daga kujerata."

Direba ya sha faɗan da bai taɓa sha ba a shekara tara na tuƙi, amma aikinsa ya tsira, bisa sharaɗin ƙanen nasa ba zai sake bin ko hanyar kamfanin ba. A gida kwana biyu bai yi masa magana ba. Yaya ce ta je ta roƙi matar nan ta zo ranar Asabar ta duba ɓarnar layi, ita za ta biya, amma Danna-Nan ne zai ɗauki jaka.

Haka kuwa aka yi. Ta mayar wa mai aski madannansa cikin minti ashirin. A kemis ta daɗe, ta ce akwai alamar za a iya ceto yawancin jerin, amma sai ta ciro ma'ajiyar kwamfutar ta tafi da ita. Ta durƙusa ƙarƙashin kanta inda babu haske, ta miƙa wa Danna-Nan tocila ta ce ya haska mata. Mutanen layi sun cika ƙofa suna kallo. Ya riƙe tocilar da hannu biyu, ya juyo yana yi musu bayani cewa sabuwar ma'aikaciya ce, an turo ta ya duba hannunta, kuma ba laifi, tana ƙoƙari.

Sannan ya sunkuya ya rage murya.

"'Yar'uwa, wannan riƙon tocilar, ana ba da satifiket a kansa?"

Daga ƙarƙashin kanta ta ce, "Kunna ta tukuna."